Labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska ba ta ɗaura aure



Akwai wata magana da ta fara yawo a bakin samarinmu, musamman masu karatu a Jami'ar Abuja da waɗanda suka daɗe da riƙe waya. Wai sha'awa halitta ce, jiki kuma yana da harshensa da ba ya ƙarya, don haka in yarinya ta yi maka murmushi ta sunkuyar da kai, ai ta gama magana. Wasu iyaye kuma, da ba su taɓa jin wannan bayani ba, suna aiki da irinsa ta wata fuska: an tambayi yarinya ta yi shiru, shi ke nan, a sa rana. Tambayar da muke so mu duba ita ce, shin alamar jiki ta isa hujja a kan abin da ke cikin zuciyar mutum?

Bari mu fara ba samarin nan gaskiyarsu. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Darwin, ya fitar da littafi a 1871 inda ya yi bayanin cewa ado da rawa da faɗan da mazan dabbobi suke yi hanya ce ta jawo mace, ya ba da misali da jelar ɗawisu. Mu ba mu tare da shi a kan asalin mutum, mu 'ya'yan Annabi Adamu ne, Alaihis Salam. Amma wanda ya taɓa kiwon tantabaru ya ga yadda namiji yake kumbura wuya yana zagaya mace. Zakara ma haka yake sauke fiffike ɗaya yana kewaye kaza. Mutum kuma bai kuɓuta ba. Me ke sa saurayin Fulani ya tsaya a filin sharo ana zuba masa bulala yana murmushi? Me ke sa samarin Wodaabe na ƙasar Nijar su shafe fuska da kwalliya su jeru a bikin Gerewol, suna fiddo fararen haƙora da idanu, 'yan mata na zaɓa? Mu kanmu da muke samari, wa ya koya mana karya hula da fesa turare in za mu zance? Ba wanda ya koya mana. Allah ne Ya halicci wannan karkata, kuma a Suratur Rum Ya lissafa soyayya da jinƙai tsakanin ma'aurata cikin ayoyinSa.

Addini bai yi kamar bai san ido yana aiki ba. Lokacin da Mugira bn Shu'uba ya nemi wata mata da aure, Manzon Allah (SAW) ya umurce shi ya je ya gan ta, domin hakan ya fi sa zama ya ɗore. Ya kuma gaya wa Sayyidina Ali cewa kallon farko da ya faɗo ba da niyya ba babu laifi a kansa, na biyun ne ake bin mutum bashinsa. Kun ga an raba abu biyu ke nan: abin da jiki ya yi da kansa, da abin da mutum ya zaɓa ya yi bayan haka. Bugun zuciya ba zunubi ba ne. Matakin da ƙafa ta ɗauka bayansa, shi ne abin tambaya.

To, a nan maganar samarinmu ta fara tangal-tangal. Da suka ce jiki ba ya ƙarya, sun manta cewa mai karanta jikin yana iya yi wa kansa ƙarya. Su Turawan da suke kafa hujja da su ma sun gano haka. A 1982 wata mai bincike a Amurka, Antonia Abbey, ta haɗa ɗalibai maza da mata suna hira, wasu na kallo, sai ta samu cewa maza sun fi mata saurin fassara sakin fuskar mace a matsayin sha'awa. Wato mai ƙishirwa ko ƙyallin kwalta ya hango sai ya ce ruwa ne.

Mu 'yan kasuwa ya kamata mu fi kowa gane wannan. Mai saye yakan ɗauki kaya ya juya, ya yaba, ya yi dariya da kai, ya ajiye ya wuce. Dillalin shanu yana karanta fuskar mai saye, amma ba ya kama igiya ya miƙa sai an taya an sallama da baki. In a kan sa ko buhun masara ba mu yarda da karatun fuska kaɗai ba, yaya za mu yarda da shi a kan 'yar mutum, wadda ba haja ba ce?

Ku dubi yarinya mai talla. Sakin fuska jarinta ne. In ta ɗaure fuska ƙosai ya kwana, a gida kuma a tambaye ta ciniki. Saurayin da ya ɗauki wannan murmushin a matsayin gayyata, ya fara tare mata hanya, ya zalunce ta sau biyu: ya ɓata mata sana'a, ya kuma ɓata mata suna. Ga shi kuma nan ba Kano ko Katsina ba ne. Muna zaune da Gbagyi da Fulani da sauran ƙabilun da aiki da noma suka kawo yankin Gwagwalada, kowa da tarbiyyarsa. A wani gida kallon babba cikin ido rashin kunya ne, a wani gidan kuma alamar gaskiya ce. Wata tsayawa ta gaisa da namiji ta yi raha ladabi ne kawai a wurinsu. Ɗanmu da ya karanta 'yar maƙwabta da ƙamus ɗin gidansu yana iya jawo rigimar da za ta fi ƙarfin gida biyu ta shafi unguwa gaba ɗaya. Mu da muka zo neman abinci muka samu masauki, zaman lafiya shi ne babban jarinmu.

Yanzu sai mu juyo kanmu, mu iyaye. Gaskiya ne ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ana neman izinin budurwa, kuma shirunta izini ne. Dalilin da Nana A'isha ta kawo shi ne kunya. Amma malaman Malikiyya ba su bar maganar haka sakaka ba. A Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda malamanmu na zaure suke karantarwa, an so a sanar da yarinya tukuna cewa shirunta za a ɗauke shi yarda ce. In ta ƙi, ko ta nuna ƙyama, ba a ɗaura. A kan kuka kuwa malamai sun yi saɓani, domin hawaye yana iya zama na ƙi, yana iya zama na rabuwa da gida. Ku duba fa: manyan malamai sun zauna sun yi ta nazari a kan hawayen yarinya ɗaya. Mu kuwa sai kawu ya leƙa ɗaki, ya yi tambaya da murya mai tsoratarwa, ya fito ya ce ta amince. Shirun kunya daban, shirun tsoro daban. Khansa'u bint Khizam, wadda ta taɓa aure, mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara, Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Auren da aka gina a kan shirun tsoro, sau da yawa a gaban alƙali yake ƙarewa, ko yarinya ta yi ta yaji har a gaji.

Wani zai ce, to in haka ne a bar kowa ya faɗi abin da ke ransa tsirara, a daina kunya. A'a. Kunya ado ce, kuma Alƙur'ani a Suratul Ƙasas ya ambaci tafiyar kunya ta yarinyar da ta zo kiran Annabi Musa a Madyana. Kakanninmu sun san yadda ake tsare kunya kuma a samu gaskiya. Shi ya sa ake aiken ƙanwa ko ƙawa, ake zance a ƙofar gida inda ido ke gani, ake tura gwaggo ko kaka ta keɓe da yarinya ta ji cikinta. Nana Khadija ma aike ta yi. Duk wannan hanya ce ta mayar da alama ta zama magana, kafin a kai ga gaisuwa da sadaki da shaidu.

Don haka ga abin da muke roƙo. Saurayi, in ka ga abin da ya yi maka kama da so, ɗauke shi a matsayin zato, ka bi ta ƙofa ka tambaya. In aka ce a'a, ka karɓa, kada ka ce ai idonta ya ce e. Haka hoton zuciya da aka turo maka a WhatsApp, ba alkawari ba ne. Uba, ka sa wadda 'yarka ba ta jin nauyinta ta tambaye ta, ba sau ɗaya ba, kuma a gaya mata tana da damar cewa ba ta so.

Dabba tana bin abin da aka halitta mata, ba hisabin aure a kanta. Mu an ba mu irin wannan karkata, aka ƙara mana hankali da harshe, kuma a kansu za a tambaye mu.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba 'ya'yanmu abokan zama nagari, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.