Amana Ko Sabo?

A garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kamar sauran garuruwan Jihar Katsina, yanzu da wuya mutum ya ratsa kasuwa ko bakin tasha bai ga shagon buga takardu ba. Aikin da a zamanin En'e sai an nemi malamin ofis da tafireta, yau samari ke yinsa da kwamfutar tafi-da-gidanka, watau irin wadda a ke rufewa kamar littafi a sa a jaka. Da ita su ke buga katin ɗaurin aure, da takardar cinikin gona, da wasiƙar neman aiki, da tambayoyin jarrabawa na makarantu. Na'urar nan ta zama garmar mai ita. Ran da ta tsaya, cefanen gidansa ya tsaya.

To, akwai wani hali da a ke yawan gani wajen masu wannan sana'a. Mutum ya kan riƙe tambarin kamfani guda, ya ce shi kam ba ya sayen kowace kwamfuta sai tasu. Kome wuyar da ta ba shi, in ya tashi sake wata, irinta zai nema. In an tambaye shi dalili, sai ya ce shi ba ya cin amana. Abin da ya kamata a bincika shi ne, wannan amana ce ta gaskiya, ko kuwa sabo ne ya ari sunanta?

A ɗauki misalin wani saurayi mai irin shagon nan a Ƙanƙara. Kwamfutarsa ta fari ta yi masa hidima shekara huɗu, da ita ya kama shago, da ita ya yi aure. Ta biyu, ƙirar kamfani guda da ta farin, wadda ya sayo ta hannu a Kano, ita ce ta zo da fitina. Da fari mahaɗin murfinta ya karye. Sa'an nan batir ya kumbura. Ran nan kuma, ana saura kwana biyu a fara jarrabawa, ta ɗauki zafi ta mutu da tambayoyin makarantu uku a cikinta. Ya kwana yana sake bugawa da ta aro. Hedimasta ɗaya ya karɓi haƙurin da ya ba shi, biyu suka kwashe aikinsu suka kai wani shago. Da ya tara kuɗi, sai ya ce irinta zai sake saye.

Kawunsa, wani dattijo manomi na ƙasar Faskari, ya ji labari, ya ce masa, "Kai yaro, abin da ya kunyata ka a gaban mutane, shi za ka sake kai wa kuɗinka?"

Saurayin ya ce, "Kawu, da kwamfutarsu na fara cin abinci. In na juya musu baya don wannan ta yi mini laifi, ai na zama butulu. Kai ma ba Raleigh ka riƙe ba har ka bar hawan keke?"

Dattijon ya ce, "Haka ne, ɗana. Amma ni na san abin da ya sa na riƙe shi. Kai ka san naka dalilin?"

Dalilin Mutanen Dā

Tambayar dattijon nan ita ce tushen maganar. A zamanin da auduga ke da daraja a ƙasar nan, ana sayenta a kasuwannin auduga ana kai ta injin gurza na Funtuwa, manomin da ya sami rarar kuɗi ya kan sayi keke ko keken ɗinki. Da yawa ba su yarda da kowane keke sai Raleigh, ba su yarda da kowane keken ɗinki sai Singer. Amma da an zauna da su, da sun lissafa dalilansu ɗaya bayan ɗaya. Keken yana ɗaukar buhun hatsi bai lanƙwashe ba. Kayan gyaransa suna nan a kowace kasuwa. Kowane mai faci ya san cikinsa da bayansa. In kuma talauci ya matsa, aka sa shi a kasuwa, ba ya faɗuwa warwas. Watau riƙon da suka yi masa lissafi ne na masu hankali. Shi ya sa da Phoenix na ƙasar Sin ya zo da araha, daga baya kuma babur ya cika gari, mutane suka koma can, ba wanda ya kira su maciya amana. Kiɗa ya sake, rawa ta sake.

Mene Ne Tambari?

Tambari alkawari ne da maƙeri ya buga a jikin kayansa, yana cewa abin da aka saba samu daga gare shi za a sake samu. Amma sau da yawa suna ya kan tsaya wuri ɗaya alhali hannun da ke aikin ya sake. Kamfanin Raleigh ya bar haɗa kekuna a birnin Nottingham na Ingila a shekarar 2002, a 2012 kuma wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Accell ya saye shi. Haka kwamfutar nan ThinkPad, kamfanin IBM na Amurka ya fito da ita a 1992, amma tun 2005 ta koma hannun Lenovo na ƙasar Sin. Har wa yau, yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba masu tambarin ke ƙera su da hannunsu ba. Kwangila su ke ba wasu manyan masana'antu na Taiwan, kamar Quanta da Compal, masu yi wa kamfanoni dabam dabam aiki. Wanda ya rantse da suna kaɗai, ba mamaki yana sallama ne a ƙofar gidan da mai shi ya daɗe da tashi.

Wannan kuwa ya nuna wani abu da masu saurin fushi ya kamata su sani, watau aibi ba ya zama gida ɗaya. A watan Agusta na 2006 kamfanin Dell ya nemi a mayar masa da batir miliyan 4.1, Apple ya nemi miliyan 1.8, don ana tsoron su kama wuta. Duk kamfanin Sony na Japan ne ya yi su, ɓurɓushin ƙarfe ne ya shiga cikinsu wajen ƙira. A 2008 kuma aka gane wani ɓangare mai sarrafa hoto, ƙirar kamfanin Nvidia, yana lalacewa, don yawan ɗaukar zafi da hucewa yana tsattsage dalmar da ta riƙe shi. Wannan ya taɓa kwamfutocin HP da Dell da Apple gaba ɗaya, har Nvidia ya ware kusan dala miliyan 200 don gyara. Wanda ya yi fushi da ɗayansu a shekarun nan ya koma wa ɗayan, sai ya tarar da abin da ya guda yana jiransa.

Saboda haka samun aibi kaɗai bai isa a yanke wa maƙeri hukunci ba, gama ba mai aikin da ba ya kuskure. Inda a ke gane na ƙwarai shi ne abin da ya yi bayan aibin ya bayyana. Ya amsa, ko ya yi musu? Ya gyara, ko ya ɗora wa mai saye laifi? Ya yi da wuri, ko sai da aka ja shi gaban alƙali?

Ga misali guda. A 2015 kamfanin Apple ya fito da wani sabon tsarin madannan rubutu, siriri ƙwarai, a kwamfutocinsa na MacBook. Ashe ƙura kaɗan in ta shiga ƙarƙashin madanni sai ya maƙale, ko ya buga harafi sau biyu. Sai a 2018 kamfanin ya buɗe gyara kyauta. A ƙarshen 2019 ya fara barin tsarin, a 2022 kuma ya yarda ya biya dala miliyan 50 don a kashe ƙarar da masu saye suka kai a Amurka, ko da ya ke bai amsa laifi ba. Masu ƙaunarsa suka ce, ga shi ya gyara. Waɗanda suka bar shi suka ce, bayan shekara nawa? Kowane ɓangare yana da abin kamawa, kuma ba a ce da waɗanda suka kai ƙara sun ci amana ba. Hakkinsu suka nema.

Abin Da Shari'a Ta Koyar

Wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin fikihun nan da a ke karantawa a zaurukan malamai, ya san babin ciniki ya hana ɓoye aibin kaya. Ya san kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi a jikinsa an ba shi zaɓi, ko ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin hatsin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa don bai sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba. Duk mai awo a kasuwar Ɗandume, da duk dillalin shanu a kasuwar Sheme, ya san nauyin wannan magana.

Mai karatu ya lura da inda aka ɗora nauyi. Mai sayarwa aka wajabta wa gaskiya, mai saye kuwa aka ba shi zaɓi. In ya riƙe, ya yi haƙuri da abin da ya ke hakkinsa. In ya mayar, bai yi butulci ba. Kuɗinsa ya biya tun ran ciniki, ba bashin kowa a wuyansa.

Wa Ke Da Hakkin Amana?

Amana tana zama ne tsakanin waɗanda suka san juna, kowa yana iya cika wa ɗan'uwansa. Saurayin nan na Ƙanƙara ta hannu ya saya, wadda wani ya gama amfani da ita a Turai ko Amurka, garantinta ya daɗe da ƙarewa. Kamfanin bai san sunansa ba, bai san garinsu ba, ko kwabo nasa bai shiga aljihun kamfanin ba. Ran da ya kwana yana sake buga tambayoyi, ba wanda ya rasa barci a can.

Amma akwai masu hakki a kansa na gaske. Akwai hedimastan da ya damƙa masa tambayoyin yara. Akwai manomin da ya bar masa takardar gonarsa. Akwai iyalinsa da ke ci daga shagon. Akwai kuma mai gyaran nan na Funtuwa da ya kan bar aikin gabansa ya duba masa, wani lokaci har bashi. Waɗannan su ne ma'abota amanarsa. In riƙon tambari ya sa ya sake kunyata su, to, ya tsare amanar wanda bai san shi ba, ya tozarta ta waɗanda suka dogara gare shi.

Me ya kan sa mutum ya yi haka? Sau da yawa kunya ce. Ya daɗe yana yabon kayan a majalisa, yana kushe na abokansa, yanzu yana jin nauyin ya ce ya ga aibi. Wani kuma kuɗin gyaran da ya riga ya kashe ke riƙe shi, sai ya ƙara zuba wasu don kada na farin su tafi a banza. Wani kuwa so ne tsantsa, so kuwa hana ganin laifi. Magabata sun ce sabo turken wawa. Ba sabon suka zaga ba, wanda ya bari sabo ya ɗaure masa hankali suka zaga.

Adalci Ga Kowane Ɓangare

Duk da haka, kada a ɗauka barin tambari shi ne wayo kullum. Wajibi ne mutum ya fara tuhumar kansa. Ƙurar hunturu tana toshe fankar da ke sanyaya na'urar. Zafin bazara yana gajiyar da batir. Wutar janareta mai hawa da sauka, da cajar jabu, suna ƙona kayan ciki. Wanda ya ɗora kwamfuta a kan katifa ya toshe mata hanyar iska, bai kai ta an share ba shekara biyu, sa'an nan ya zagi maƙeri, ya yi zalunci, kuma kowace ya saya haka za ta yi masa.

Akwai kuma dalilai masu kyau na zama inda a ke. In kayan gyaran wani samfuri suna samuwa a Funtuwa ko Zariya, na wani kuwa sai an aika Legas, mutumin Sabuwa ya fi kusa da gaskiya in ya riƙe na farin. In mai gyaransa ya ƙware da shi, in cajarsa da batirinsa suna shiga sabuwar, duk riba ce. Wannan shi ne irin lissafin masu Raleigh. Sai dai a kira shi da sunansa, watau dabara. Amfanin kiransa da sunansa kuwa shi ne, ran da dalilin ya kau, mutum zai iya sakewa ba tare da zuciyarsa ta zarge shi ba.

Saboda haka abin da ya dace da saurayin nan, kafin ya kai kuɗinsa, shi ne ya zauna da mai gyaransa ya tambaye shi abu huɗu. Aibin nan na wannan ƙirar ne kaɗai, ko ya bi kayan kamfanin duka? Daga maƙera ya zo, ko daga riƙon da aka yi mata? Ina a ke samun kayan gyara, nawa ne kuma? Mai sayarwa zai rubuta a rasit cewa zai karɓa in aibi ya fito cikin kwanaki kaza? In amsoshin sun yi daɗi, ya sayi irin ta dā, ba wanda zai ce ya yi wauta. In ba su yi ba, ya nemi wata, ba wanda zai ce ya yi butulci. Kowace ya saya kuma, ya riƙa ajiye kwafin aikin mutane a wani ma'aji dabam kowace yamma kafin ya rufe shago, gama ba a fafe gora ran tafiya.

Godiya hali ne mai kyau, saurayin bai yi laifi ba da ya tuna alherin kwamfutarsa ta fari. Amma godiyar ta Allah ce da ya hore masa sana'a, sa'an nan ta mutanen da suka kawo masa aiki tun yana rakuɓe a shagon wani. Su ya kamata ya ji kunyar ɓata wa rai. Allah ya ba kowa ikon gane masu hakki a kansa, ya kuma cika musu, amin.