Idan Aiki Ya Rabu Da Maƙasudinsa

Daga cikin mas'alolin da ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi nazari a kansu, akwai halin mutumin da ya shiga wani aiki da kyakkyawar niyya, sa'an nan da tafiya ta yi nisa, ya waiga ya tarar abokan aikinsa sun mance dalilin da ya tara su, sun koma neman muƙami da abin duniya. Shin wajibinsa ya tattara nasa ya nasa ya bar musu, ko kuwa ya tsaya ya faɗi gaskiya?

Irin wannan hali ya sami Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu kuma wazirinsa. Bayan hijira zuwa Gudu a 1804, da nasarar Tabkin Kwatto inda shi ne ya ja runduna, sai ya lura cewa da yawa daga jama'ar da suka fito domin raya Sunna da kawar da zalunci, zukatansu sun karkata ga ganima da sarauta. Abin ya dame shi ainun, har wajen 1807 ya bar runduna, ya nufi gabas da niyyar Hajji. Da ya isa Kano a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka roƙe shi ya koya musu tafiyar da mulki bisa shari'a. Sai ya karantar da su tafsiri, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami, daga bisani ya koma wurin ɗan'uwansa.

Abin lura shi ne, ƙyamar da ta fitar da shi ƙyama ce ta gaskiya, amma da ya ci gaba da tafiyarsa, da ya tsira da kansa kaɗai, ɓarnar kuwa ta zauna inda take. Abin da ya amfani jama'a shi ne bayanin da ya yi, domin maƙasudi ba ya zama cikin zukata sai ana tunatar da shi, ana fayyace wa alƙali da mai karɓar zakka haddin aikinsu da hikimarsa.

Sai dai nasiha tana bukatar kunnen da zai saurara, kuma nan ne nauyi ya hau kan shugaba. Tun a ƙarni na 15, Shaihu Magili, cikin wasiyyar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya yi ta nanata haɗarin da ke cikin ɓuyar sarki daga talakawansa, saboda wanda ya rufe ƙofarsa ba zai ji komai ba face abin da fadawa suka ga damar isar masa.

Hukuncin ɗaya ne ga shugaban makaranta da na asibiti da sarkin kasuwa. Malamin da ba a taɓa zama da shi an yi shawara kan ilimin yara ba, lalle zai ɗauki koyarwa hanyar albashi kawai, kuma laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Saboda haka haƙƙin shugaba ne ya bayyana manufa, ya buɗe ƙofa. Haƙƙin ma'aikaci kuma ya yi nasiha da ladabi tun kafin ya yi tunanin tafiya, gama amana ce da za a tambayi kowannensu a kanta ranar hisabi.