Kunyar da ke kai mutum kabari, kunya ce?

Ƴan'uwana ɗalibai, karatun harshe ya koya mini cewa abin da al'umma ke jin nauyin faɗa, sai ta lulluɓe shi da wata kalma. Ku duba "sanyi". Mace na fama da ƙaiƙayi, sanyi ne. Ruwa mai wari na zubo mata, sanyi ne. Jini ya zo bayan kwanciyar aure, ko bayan ta daina al'ada, nan ma a ce sanyi ne, a jiƙa sassaƙe. Alhali cikin waɗannan alamomi akwai na sankarar bakin mahaifa.

Ba na raina kunya. Ita ke hana uwa kiran sunan ɗan fari, ita ke sa a durƙusa wa suruki. Amma tambayata: mi aka yi kunya ta tsare? Mutunci. To, in mai mutuncin ta mutu, mi ya rage?

Kusan duk wannan sankara ƙwayar cutar HPV ke kawo ta, ta hanyar saduwa. Iri biyu, 16 da 18, su ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100. A jikin yawancin mata ƙwayar takan ɓace da kanta. In ta zauna, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Ke nan cutar na ba mu lokaci mai tsawo, mu ne ke cinye shi da shiru. Daga shekara 30 ana son mace ta je awo ko ba ta jin ciwon komi. Wani awon ma da ruwan binegar ake yi: a shafa a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a magance shi tun bai yi nisa ba.

Allurar rigakafi kuwa ta ƴan mata ce masu shekara 9 zuwa 14. A 2020 hukumar OMS ta sa burin a yi wa kashi 90 cikin 100 nasu kafin 2030, kuma maƙwabciyarmu Najeriya ta soma a Oktoban 2023. Nan ne wani uba zai ce: "Ƴata ba ƴar iska ba ce." Gaskiya ne, Baba, ba wanda ya ce haka. Amma matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka daga gare shi, shi ma bai san yana da ita ba. Allurar ba zargin yarinya ba ce.

Don haka ni a ganina kunyar ta sauka inda ba nan ne wurinta ba. Wadda ta je awo ba ta da abin sunkuyar da kai. Mai abin kunya shi ne mijin da ya hana izini, da mu da muka yi karatu muka sani, muka koma gida hutu ba mu ce uffan ba. In bakinka ya yi nauyi gaban inna, faɗa wa yayarka, ita ta san yadda za ta isar.