Shekarar da ke Jikin Kwalba

Inabin Chardonnay ba shi da wani kaifin ɗanɗano na kansa, abin da ƙasa da yanayi suka ba shi yake ɗauka. A Chablis, arewacin yankin Burgundi na Faransa, inda ake sanyi kuma ƙasar ke cike da farin dutse, giyarsa kan fito da tsami irin na lemun tsami da ɗanyen tuffa. A wuri mai ɗumi kamar Kalifoniya kuwa, ƙanshin abarba take yi.

Ko wanda ba ya kusantar giya zai ga tambayar da ke nan. A watan Afrilun 2021 sanyi ya ƙone tohon inabi a Burgundi. Manoma sun kwana suna kunna kyandirori a gonaki, amma amfanin ya ragu sosai. Babban kamfani na iya gauraya inabin gonaki da dama, ya lulluɓe ramar shekarar da ƙanshin gangar katako. Iyalin da sunan kakansu ke jikin kwalba fa? Su ma su lulluɓe, ko su bar ɗanɗanon ya faɗi yadda shekarar ta kasance?

Masu saye na son abin da suka saba, ga bashi na jiran iyalin. Duk da haka, shekarar da aka rubuta a kwalba alkawari ce: wannan ne abin da gonarmu ta bayar bana. Wanda ya ɓoye mummunar shekara, ranar da ya ce ta bana ta yi kyau, wa zai yarda da shi?