In Kyanwar Ajiya Ta Ɓace, Laifin Wa?

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya mu yi shawara a kanta. A ce wata mai sayar da abinci a Assamakka ta kamu da ciwo, za ta Arlit ganin likita. Tafiyar ta kai kilomita 200, cikin rairayi, babu kwalta. Tana da kyanwa, wadda wasu ke kira mage, wasu mussa. Sai ta kai ta gidan maƙwabciyarta, ta ce, "Yaya, ga amana, sai na komo." Ta yi kwana 20. Da ta komo, babu kyanwa. To, wa ke da laifi?

Wataƙila ka yi dariya, ka ce ai kyanwa ce, ba raƙumi ba. Gaskiya ne, ba a kai ta kasuwa. Amma ita ke tsare buhun shinkafa da dabino kada kusu ya ɓata su. Kuma matar ta saba da ita, a wajen ƙafafunta take kwana.

Malamai sun daɗe da duba maganar ajiya. Akwai littafin Risala, wanda Ibn Abi Zaid na birnin Ƙairawan ya rubuta fiye da shekara 1000 da suka wuce, har yau ana karanta shi a zaurukan malamanmu. Hukuncin da ke ciki shi ne, in mai ajiya ya ce abin ya halaka, a gaskata shi, ba ya biya. Sai fa in shi ne ya ƙetare iyaka a kan abin. Dalili a fili yake. Taimako ya yi, ba a biya shi ko dala ba. Da kullum sai an sa shi ramuwa, da ba wanda zai ƙara karɓar ajiyar wani.

Ka lura kuma, kyanwa ba ta ajiyuwa kamar sauran kaya. Kuɗi ka sa su cikin akwati ka kulle. Akuya ka ɗaure ta a turke. Kyanwa fa? In ka rufe ta cikin ɗaki ka manta da ita, ka ɗauki alhaki, don ka ji labarin matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci har ta mutu. In ka sake ta, ta tafi inda ta ga dama. A Assamakka manyan motoci masu zuwa In Gezam da Tamanrasat suna kwana wajen duwan. Daren hunturu da sanyi. Kyanwa ta shige cikin kaya don ta ji ɗumi, gari ya waye tana wata ƙasa. Ga karnuka, ga dila. Saboda haka ɓatan kaɗai bai isa a ce an ci amana ba.

Ni a ganina, abin tambaya shi ne yadda maƙwabciyar ta yi. Ta riƙa ba ta abinci da ruwa? Da ba ta gan ta ba, ta leƙa tsohon gidan, tun da can kyanwa ke fara komawa? Ta tambayi direbobi? In ta yi duk wannan, ta fita.

Saura magana guda, ita ce mai wuya. Yanzu akwai wayar salula. Ya kamata ta kira ta faɗa tun ranar? Tana iya cewa, "Baiwar Allah tana kwance, don me zan ƙara mata damuwa?" Wannan uzuri ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma ka tambayi zuciyarka: tausayin mara lafiya ne ya sa ka yi shiru, ko tsoron kunya? Su biyun suna kama da juna ƙwarai. Ga yadda za ka rarrabe su. Mai tausayi, ran da matar ta sauka daga mota, shi zai fara faɗi kafin a tambaye shi. Mai tsoron kunya sai ya jira tambaya, sa'an nan ya ce, "Ai jiya ma na gan ta." Wani ma ya nemo wata kyanwa mai irin launin, ya ce ita ce. Wannan ya fi ɓatan muni, don ya mai da maƙwabcinsa wawa.

Mai kyanwar ita ma da nata. Ba a ba kura ajiyar nama, ba a kuma kai kyanwa gidan da ke da mugun kare. Ta tambaya ko Yayar tana so? Da yawa cikinmu muna karɓar ajiya don kunyar cewa a'a, alhali ba mu da halin kula.

Kada ka ga maganar ƙarama ce. Ƙasar nan ta matafiya ce. Da aka rufe ma'adinin Kominak na Akokan a watan Maris na 2021, bayan ana haƙo uraniyom a can tun 1978, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki. Wanda zai koma Tawa ko Damagaram, mota ɗaya ba ta ɗauke gida duka, dole ya bar wani abu hannun wani. Waɗanda ake korowa daga Aljeriya kuwa, su taka kilomita 15 daga bakin iyaka zuwa Assamakka, ɗan abin da ya rage musu sai sun sami wanda za su damƙa wa kafin su runtsa. Maƙwabta biyu da suka daina gaisawa saboda kyanwa, gobe wa zai riƙe wa wani mabuɗin ɗaki?

In kun taru a aji da dare, ka ƙara musu wannan. A ce bayan shekara guda an ga kyanwar a gidan wani direba a Arlit. Shi ya ciyar da ita duk wannan lokaci, har ta haihu huɗu. Uwar ta wa ce, ƴaƴan kuma na wa?