Hoto kafin allura: me likita zai faɗa wa talaka?

Idan namiji ya manyanta, fitsari yana masa wuya, awon jini da ake kira PSA kuma ya nuna alamar shakka, likita kan so ya tabbatar ko sankarar purostat ce, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara. A da, sai a soka allura wurare goma ko goma sha biyu a tsakuro nama, cikin lalube. Aikin yana da zafi, yana iya kawo zubar jini da zazzaɓi, wani lokacin ma a kuskure cutar.

A shekarar 2018, binciken PRECISION, wanda aka yi kan maza 500, ya nuna amfanin ɗaukar hoton IRM tukuna. Kashi 28 cikin ɗari na waɗanda aka ɗauka hoto ba su bukaci allura ba. An gano sankara mai haɗari ga kashi 38, alhali tsohuwar hanya ta gano 26. A 2019, hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar a fara da hoton.

To, ina dattijon Dumega a cikin wannan ci gaba? Tsakaninsa da Yamai akwai fiye da kilomita 200, ga kuɗin mota, ga masauki, ga kuɗin hoton kansa. Nan tambayar take: shin likitan Tibiri ko na Dogondutsi ya gaya masa akwai hanyar da ta fi, ko ya yi shiru?

Masu ra'ayin shiru suna da hujja. Sun san mutum na iya sayar da sa ko jinginar da gona, iyali su shiga damina hannu wofi. Tausayi ne, babu shakka. Amma wanda ya ɓoye maka zaɓi ya yanke hukunci a madadinka, ya auna darajar ranka da abin da yake zaton kana da shi. Wataƙila dattijon yana da ɗa a Kwatano ko Legas mai iya biya. Ko da ba ya da kowa, jikinsa ne, gonarsa ce. Hakkin likita shi ne ya faɗi gaskiya dukanta: amfanin hoton, tsadarsa, da cewa allura ba tare da hoto ba ta fi zaman jira.

Sai dai gaskiyar likita ba ta sauke nauyin al'umma. A 2007, Nijar ta yi dokar kula da sankarar mata kyauta. A 2021 aka buɗe sashen gashin sankara na farko a Yamai. Ashe ana iyawa idan an yi niyya. Adalci bai ce a kafa na'ura kowane ƙauye ba. Abin da yake nema shi ne hanya: awon jini a kusa, takardar turawa mai aiki, da asusun da zai rage wa talaka kuɗin tafiya.

Malaman makaranta da ƙungiyoyi kuma suna da nasu rabo. Kunya na sa dattawa da yawa ɓoye ciwon fitsari har ya ci jiki, lokacin da hoto ba ya da sauran amfani mai yawa. Mu fara da koya wa ƴaƴa yadda za su tambayi iyayensu cikin ladabi, su raka su asibiti da wuri.