Ko Daidai Ne Lauya Ya Tsaya Wa Wanda Gari Ya Riga Ya Yanke Wa Hukunci?

Sau da yawa mukan ji mutane a Kura da Bunkure suna cewa lauya mai ɗaukaka ƙara ɗan dabara ne kawai, mai neman ƙofar da mai laifi zai sulale. Bari mu auna maganar nan da shari'a guda.

Cikin watan Maris na 2002 kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa, domin ta haihu ba ta da aure. Kotun Funtuwa kuwa ta tabbatar da hukuncin. Sa'an nan lauyoyi, cikinsu da Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, suka kai maganar Katsina. Ba su yi faɗa da addinin kowa ba. Littattafan alƙalan suka buɗe, suka nuna alƙali ɗaya ne ya zauna inda doka ta ce uku, kuma ba a bar matar ta janye iƙirarinta ba, ga shi a mazhabar Malikiyya kwantaccen ciki yakan kai shekara biyar. Ran 25 ga Satumba 2003 alƙalai huɗu cikin biyar suka sallame ta.

To, wani zai ce, ai ƙa'ida ce ta cece ta, ba gaskiya ba. Mu dai ba mu yarda a raba su haka ba. Gama alƙali mutum ne, ba ya ganin zuciya. Ƙa'idodin nan su kaɗai ne hanyar da yake da ita zuwa ga gaskiya. Manomin rani ya san ruwan Tiga ba ya isa fegin shinkafarsa sai ta magudana. In ta fashe a hanya, cikar madatsa ba ta amfane shi kome ba. Tsarin mulkin ƙasa na 1999, sashi na 36, ya ce a saurari kowa da adalci. Lauyan da ya riƙe wannan bai ce wanda yake karewa tsarkakakke ne ba, cewa ya yi kada a kashe shi bisa shari'ar da ta karkace.

Abin da ya fi damunmu dabam ne. Amina ta sami masu tsaya mata domin duniya ta ji labarinta, har Majalisar Turai ta ba Hauwa Ibrahim lambar Sakharov a 2005. Amma gwauruwar da aka ƙwace wa gona a bakin magudana, wa ya ji nata? Kuɗin mota zuwa Kano ma sai ta sayar da akuya, balle kuɗin kwafe takardun shari'a, balle Kotun Ƙoli a Abuja.